Haka Ne, Injiniya

Yayana da mijina ba su taɓa kaɗa ƙuri'a ba tun da muka zauna a Jidda, amma in ka ji suna musu a kan siyasar gida sai ka rantse su biyu ne suke naɗa gwamna. Maigidana injiniya ne a wani kamfanin tace ruwan teku, kuma hutunsa bai taɓa dacewa da lokacin zaɓe ba. Yaya kuwa Umra ya zo tun ina goyon fari, ya ga wuri ya yi zamansa, yana tallar yadi da abaya a wajen kasuwar Bab Makka ba tare da takardar zama ba. Katin zaɓensa, in ma ya taɓa yi, ƙila ɓera ya daɗe da cinye shi a ɗakin mahaifiyarmu. Duk da haka kowannensu yana da jam'iyya, kuma yana kishinta fiye da waɗanda ake ba kwangila a cikinta. Maigida yana bayan masu mulki, Yaya yana bayan 'yan adawa.

Da can abin bai dame ni ba, domin ranar Juma'a kaɗai suke haɗuwa. Yaya yana da ɗakinsa a unguwar Karantina. Ya zo bayan an sauko daga masallaci, ya ci tuwo, su yi ta ɗaga jijiyar wuya har la'asar, sannan ya shuri takalmansa ya tafi, ni kuma in wanke kwanukana kunnena ya huta. Sai hukuma ta rushe Karantina. Ya iso mana da akwati ɗaya da ƙunshin yadi da tsohuwar butar shayinsa, ya ce ɗan kwana biyu zai yi kafin ya samu wuri. Wane wuri? Wa zai ba marar iƙama, wato takardar izinin zama, haya a lokacin da kowa yake ta kansa?

A nan dole in yi wa maigida adalci. Shi da bakinsa ya ce a shimfiɗa wa Yaya katifa a ƙaramin falo, kuma ya san abin da ya ɗauko. Ajiye mutum marar takarda a gida ba abin wasa ba ne a garin nan. In aka gano, aikinsa da nawa na asibiti da iƙamarmu duka suna iya tafiya rana ɗaya. Da na tuna masa da haka, sai ya ce, "Yayanki ne, Hajiya. In bai zo nan ba ina za shi?" Na ji daɗin maganar har cikin raina. Abin da ban hango ba shi ne musun Juma'a zai koma na safe da rana da yamma.

Yaya ne yake fita da sassafe ya sayo mana burodin tamis mai zafi da dafaffen waken da suke kira ful, ya dawo ya ɗora shayi a butarsa. Kafin in zuba wa kowa, an fara. Wannan ya ce an gina titi a garinmu, wancan ya ce an dai gina shi a rediyo. Wannan ya ce a ba gwamnati lokaci, wancan ya ce lokacin da aka ba ta ya isa yaro ya yi gemu. Sai maigida ya makara wajen aiki saboda yana tsaye a bakin ƙofa da mukullin mota a hannu yana ƙarasa hujja. Ni dai na gaji, amma na lura su biyun ƙiba suke yi.

Muna cikin haka autarmu ta dawo daga makaranta fuska a ɗaure. Ita kaɗai ta rage a gabanmu, yayyenta suna jami'a a gida. A Jidda aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci da Turanci, ka rasa ta inda za ka kama. Makarantarsu tsarin karatun Amurka take bi, shi ya sa yarinyar da ba ta san sunan hakimin garin ubanta ba take haddace tarihin mutanen da ba su san da zamanmu ba. An raba ajinsu gida biyu za a yi muhawara, kuma ɓangaren da aka ba ta ne ya ɓata mata rai.

Ta yi mana bayani muna cin abinci, ni kuma ga yadda na fahimta. A farkon kafuwar Amurka, ƙasar tana sabuwa, manyanta sun rabu jam'iyya biyu. Ɗaya tana son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi kuma tana jingina da Ingila, ɗayar tana tsoron gwamnati ta yi ƙarfi da yawa kuma zuciyarta tana wajen Faransa. Da aka shiga fargabar yaƙi da Faransa, masu mulki suka kafa dokoki. Aka ba shugaba ikon korar duk baƙon da ya ga yana da haɗari ga ƙasa, aka kuma ce duk wanda ya rubuta ƙarya don zubar da mutuncin gwamnati za a hukunta shi. Da wannan aka ɗaure wasu masu jaridu, kuma kusan dukkansu 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Har wani ɗan majalisa aka kulle, mutanensa suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku.

"Ni kuma, ya'ni, an ce in kare dokar," in ji ta. "Wallah haram. Ba ni da abin cewa."

Da ta san abin da za ta tayar, da ta yi shiru. Yaya ya ajiye cokali ya ce, "Tsaya, 'yata. Kin ce yana cikin kurkuku aka zaɓe shi?"

"Aiwa, Khalu." Haka take kiransa, Kawu ya gagare ta.

"To wannan namu ne. Ɗan halak. Allah ya sa ya gane gaskiya kafin ya mutu."

Maigida ya gyara zama ya ce, "Ai Yaya ba haka ake kallon abu ba. Ƙasa tana jaririya, maƙiya sun kewaye ta, sai a bar kowane ɗan jarida ya yi ta zuba? Waɗanda suka yi dokar nan sun san aikinsu."

Shi ke nan. Kafin a kwashe kwanuka kowa ya yanki katin jam'iyya a Amurka. Mutanen da suka mutu fiye da shekara ɗari biyu, waɗanda ko sunansu Yaya ba ya iya faɗa, suka tare a falona. Yaya ya ce masu dokar nan kakannin jam'iyyar Injiniya ne, halin ɗaya ne, hular ce kawai ta bambanta. Maigida ya ce 'yan adawa ko'ina suke aikinsu ke nan, su kunna wuta su koma gefe suna kuka da hayaƙi. Yarinyar da aikin yake nata ta kwashi littattafanta ta shige ɗaki, babu wanda ya ma lura.

Abin ya ɓaci ne wata Juma'a da muka yi baƙi, abokan maigida biyu da matansu, ɗaya likita, ɗaya malamin jami'a. Na tashi tun da hantsi ina tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar kuka da ta taushe, har da kilishin da aka kawo mana tsaraba na fito da shi. Kafin su zo na ja Yaya gefe na roƙe shi. Na ce don Allah yau dai a bar gwamna ya huta. Ya ce mini, "Haba ƙanwata, ni yaro ne?"

Ya kuwa yi ƙoƙari har aka gama cin abinci. Sai malamin jami'ar nan, Allah ya shirye shi, ya tambayi yarinyar karatu, ta ambaci muhawarar. Maigida ya karɓe zancen ya shiga yabon masu dokar, daga nan ya gangaro kan gwamnanmu, ya ce da za a samu irin wannan doka a gida da an huta da masu zagin shugabanni a waya. Na ga Yaya yana juya kofin shayi a hannunsa, na san an gama.

"Ai Injiniya da sauƙi a wurinka," in ji shi. "Mai yabon gwamna daga Jidda, a ƙarƙashin na'urar sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, famfo yana zuba. In mulkin naku yana da daɗi haka, me ya hana ka koma ka sha? Mun gudo tare, kai da biza, ni da ƙafa, amma abu ɗaya ya koro mu."

Likitan ya fashe da dariya har ya ƙware. Matan suka sunkuyar da kai suna murmushi. Maigida ma ya yi wani abu mai kama da dariya, amma ni da na san shi na ga yadda ya cije leɓe. Mutum ne mai son a ga girmansa a gaban abokansa, kuma Yaya ya san haka sarai, shi ya sa har yau nake jin haushinsa shi ma.

Baƙi suna fita, kafin in gama tattara kofuna, maigida ya tsaya a tsakiyar falo ya yi jawabi. Ban taɓa mantawa da shi ba, kuma daga baya na gane ba ni kaɗai na riƙe shi ba.

"Yaya, ka yi haƙuri, amma yau zan faɗa. Gidan nan yana cikin haɗari, kuma wanda ya ɗauki haɗarin shi ke da ikon tsara yadda za a zauna. Ban hana kowa tunaninsa ba, ya yi shi a cikinsa. Amma wanda aka buɗe wa ƙofa aka ba shi wuri ba zai zauna a ciki yana zubar da mutuncin mai ƙofar ba. Daga yau babu mai sake zagin gwamnati a gidan nan. Wanda ba zai iya riƙe bakinsa ba, hanya a buɗe take."

Yayan matarka fa, wanda a gida ko haɗa ido da shi sai da dalili. Na tsaya da tire a hannu ina jiran Yaya ya tashi ya yi ta ta ƙare, domin na san zuciyarsa tun muna yara. Sai ya dubi ƙasa, ya dubi ƙunshin yadinsa da ke jingine a lungu, ya ce a hankali, "Haka ne, Injiniya."

Maigida ya tsaya da sauran hujjojinsa a baki, babu inda zai kai su. Ya shige ɗaki.

Washegari Yaya ya sayo tamis kamar kullum, ya ɗora shayi. Maigida, wanda nake jin ya kwana yana da-na-sani, ya so ya nuna komai ya wuce. Ya duba waya ya ce, "Ka ga an ƙaddamar da sabon asibiti a jiharmu."

"Madalla. Haka ne, Injiniya."

"An ce babu irinsa a duk Arewa."

"Ai kuwa. Allah ya saka wa gwamna da alheri."

Na ga maigida ya kalle shi yana neman inda gatsen yake, bai samu ba. Fuskar Yaya a sake, muryarsa a ladabce. Haka aka ci tamis shiru, ana jin ƙarar tauna. Ranar ce ta farko da maigida ya isa wajen aiki kafin lokaci.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ina! Yaya ya riƙe "haka ne" ɗin nan kamar wanda likita ya rubuta wa magani, safe da yamma, ba ya tsallakewa. Maigida ya fara da yabon gwamnati na gaskiya, da bai samu musu ba ya koma ƙari, daga ƙari ya koma ƙarya tsagwaronta. Na ji shi da kunnena yana cewa yanzu a garinmu ba a ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido, alhali a daren jiya ya gama waya da ƙanensa yana kukan kuɗin man janareta. Yaya ya ce, "Haka ne, Injiniya. An ci gaba." Wata rana har cewa ya yi shugaban 'yan adawa bai iya karatu ba, mutumin da Yaya yake ajiye hotonsa a cikin akwati. Yaya ya ci gaba da zuba shayi, ya ce, "Kai ka fi mu sani."

Maigida ya same ni a kicin ya rufo ƙofa. "Hajiya, Yayanki yana yi mini rashin mutunci."

"Me ya ce maka?"

"Bai ce komai ba. Abin ke nan."

"Ba kai ka kafa doka ba? Ga shi ana bi, me kuma kake so?"

"Ni ban ce ya zama bango ba."

Na ce to ya je ya janye maganarsa, baki ɗaya ne ya faɗe ta, baki ɗaya zai ɗauke ta. Ya ce shi bai ga abin janyewa ba, domin bai faɗi ƙarya ba, kuma bai kori kowa ba. "Na ce ya tafi? Ki faɗa mini, na ce ya tafi?" Na yi tsaki na ci gaba da yankan albasa, domin in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba zai yi wa aure daɗi ba.

Na koma kan Yaya. Na same shi yana ninke yadi a ƙaramin falo, na ce, "Yaya, don girman Allah ka yi masa musu ko sau ɗaya a wuce wurin. Ka zagi gwamnan nan, ni na ba ka izini. Mutumin nan har abinci ya rage ci."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. "An kafa doka, ƙanwata, ni kuma ba ni da takarda. Marar takarda ba ya gwada doka ya ga ko da gaske ake. Shekara nawa ina garin nan, in na hango motar 'yan sanda mai fitila sai in canza hanya. Na iya wannan zaman. Ban dai taɓa zaton zan yi shi a gidanki ba."

Haushinsa nake ji saboda taurin kai, amma hawaye ne suka zo mini, wannan kuma ya ƙara mini haushi. Manya biyu masu furfura, ɗaya yana son a yi masa musu ba zai roƙa ba, ɗaya yana mutuwar son musun ba zai yi ba, ni ce a tsakiya ina dafa abincin da ake bar mini rabi a kwano.

A duk wannan hidima na manta da yarinyar. Na dai lura ta daina ƙorafin ba ta da abin cewa. Tana shiga ɗaki ta rufe, ina jin muryarta tana maimaita Turanci a gaban madubi. Na ɗauka ta samo hujjojinta a intanet.

Ranar muhawarar ina bakin aiki, ubanta ne ya je. Da la'asar suka shigo, shi a gaba da kwalin kayan zaƙin nan kunafa, bakinsa har kunne. Ɓangarenta ya ci, kuma ita aka zaɓa wadda ta fi kowa iya magana. Rabon da in ga ya saki fuska haka tun kafin Juma'ar nan. Ya ɗauki jawabin nata a waya, ya ce sai kowa ya gani a babban allo. Ya haɗa wayar da talabijin, ya kira Yaya da kansa. "Yaya, zo ka ga 'yarka. Bari in riƙa fassara maka, tunda Turanci ne."

Na tabbata a ɗakin taron bai ji komai ba sai daɗin ganin 'yarsa tana zuba Turanci ana tafi. Turanci yana da wannan halin, yana sa magana ta yi nisa da mutum. Sai da ya fara mayar da ita Hausa, a gaban wanda yake zaune a kan katifar aro, sannan ta dawo gida.

Ya danna, ta yi magana, ya tsayar. "Ta ce, ƙasar tana cikin haɗari a lokacin, kuma waɗanda suka ɗauki nauyin tsare ta su ke da ikon tsara yadda za a zauna."

Yaya ya gyaɗa kai.

Ya sake dannawa, ya tsayar. "Ta ce, dokar ba ta hana kowa tunaninsa ba, kowa yana iya yin tunaninsa a..." Ya rage murya. "A cikinsa."

Na ɗago na dubi yarinyar. Tana zaune a hannun kujera tana cin kunafa, idonta a kan allo.

Ya danna a karo na gaba. A allon ta ɗaga hannu ɗaya sama, daidai yadda ubanta yake yi in yana jawabi. Ya tsayar, ya buɗe baki, ya rufe.

"Baba, kammil, ƙarasa mana," in ji ta. "Nan ne aka fi tafi."

"Ta ce, baƙon da aka buɗe wa ƙofa..." Bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana kallon rimot kamar yau ya fara ganinsa.

Sai ta ɗauka da kanta, da Hausarta mai ɗingishi. "Na ce, Khalu, wanda aka ba wuri ba zai zauna yana ɓata sunan mai wurin ba. Kuma a ƙarshe na ce, shuf, dokar korar baƙin ma ba ta cutar da kowa ba. Malama ta ce shugaban bai kori ko mutum ɗaya da ita ba. Su da kansu, Faransawan, da suka ji doka, suka shiga jirgin ruwa suka tafi. Halas. Babu wanda ya iya ba ni amsa."

"Su da kansu suka tafi?" in ji Yaya.

"Aiwa. Babu wanda ya ce su tafi."

Yaya ya jinjina kai ya daɗe. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin iya magana." Ya ɗauki kunafa ɗan ƙarami ya ci don kada a ce bai ci ba, ya tashi ya ce zai je masallaci.

Na bi ta ɗaki na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta zaro ido. "Mama, an ce in ci, na ci. Na duba littafi duka, hujjar Baba ta fi tasu." Sai da ta ga fuskata sannan ta fara haɗa abin a ranta, ta ajiye kwalin kyautar da aka ba ta a kan gado ta fashe da kuka. Ban iya yi mata faɗa ba. Me ta yi? Abin da ta ji a falon gidansu ta kai makaranta, aka ba ta kyauta.

Da Yaya ya dawo, maigida yana jiransa a bakin ƙofa. A gabana ya ce, "Yaya, maganar da na yi ranar nan, na janye ta. Ka yafe mini. Ka faɗi duk abin da kake so a gidan nan."

"Haka ne, Injiniya, ka janye. Na gode."

"Da gaske nake."

"Na sani. Amma abu ɗaya da ka faɗa ba ya janyuwa, domin gaskiya ne. Gidan nan yana cikin haɗari, kuma ni ne haɗarin. Da ina ta surutu ba na jin maganar. Da na yi shiru sai na ji ta."

A makon nan ya raba sauran yadinsa ga abokan sana'arsa na Bab Makka, ya ce zai miƙa kansa a mayar da shi gida. Na yi faɗa, na yi roƙo, na kira mahaifiyarmu a waya ta sa baki, sai ta ce ita dai tana son ganin ɗanta kafin ta mutu, ta ƙara rushe mini shiri. Maigida ya ce zai nemo masa kafili, wanda zai tsaya masa ya samu iƙama, ko ta halin ƙaƙa, Yaya ya ce haka ne, Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da ɗaure akwati. Ban taɓa tsanar kalma biyu kamar waɗannan ba. Na ji haushin Yaya, na ji haushin mijina, na ji haushin malamar da ta raba aji biyu, har mutanen Amurkan nan da suka daɗe a kabari sai da na yi musu Allah ya isa.

Maigida ne ya kai shi da mota har kusa da inda ake miƙa kai. Ya ce mini duk tsawon hanya ya yi ta zagin jam'iyyar Yaya da dukkan abin da ya iya, yana fatan ko a minti na ƙarshe zai tanka. Da za su rabu Yaya ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ya gode da masauki, Allah ya bar zumunci. Butar shayin ya bar mana ita.

Gidan ya yi shirun da na daɗe ina roƙo, na kuwa rasa inda zan sa kaina. Babu mai sayo tamis. Maigida yana karanta labaran gida a waya, ya ɗago kai zai yi magana, ya dubi ƙofar ƙaramin falo, ya mayar da kai.

Bayan wasu makonni, wata Juma'a muna cin tuwo mu uku, wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga wata sabuwar lamba ta gida, dogo. Ya danna, muryar Yaya ta cika falon da ƙarfinta na da, ana jin kukan akuya da janareta a bayansa.

"Injiniya! Na iso lafiya, na ga aikin gwamnanka da idona. Titin da ka ce an gina, a nan tayar motarmu ta fashe. Asibitin da babu irinsa a Arewa, na je, awaki ne suke kwana a barandarsa. Wuta kuwa tun da na zo ban ga ƙeyarta ba."

Maigida ya ajiye loma, fuskarsa ta washe. Ya tsayar da saƙon ya nuna wayar da yatsa. "Kin ji ko? Ƙarya yake, titin nan ba na jiha ba ne, na tarayya ne!" Ya sake dannawa, ya sake tsayarwa, yana ba wayar amsa ɗaya bayan ɗaya, hannu a sama, tuwo yana hucewa. Yarinyar tana dariya tana share ido. Ni ma na ji kaina ina cewa, "Ku dai ba za ku canza ba."

Sai saƙon ya zo ƙarshe, muryar Yaya ta sauka. "To ka ji. Na daɗe ina tara maka su. Yanzu ina zaune a zauren ubana, Injiniya, a nan nake da bakin magana. Ka gaida ƙanwata da 'yata."

Maigida ya riƙe wayar ya daɗe. Ya danna wurin ɗaukar murya zai mayar da amsa, na ga ya ja numfashi irin na mai shirin dogon jawabi. Muka jira. Wayar tana ta ɗaukar shiru.

"Haka ne, Yaya," ya ce, ya saki saƙon ya tafi.

Na tashi na kwashe kwanukan. Sai a kicin na lura yau ma malmala huɗu na kwasa.